Kawu Sale Bai Mayar da Tsallakena da Wuri Ba

Duk Ƙofar Dumi an san Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ba ya kewaye abu. Kwata ce, turmi ne, akuya ce a kwance, sai ya tattare riga ya haye ta fit! Tun zamanin da ya yi wa makarantarsu tseren tsallake shinge a gaban Turawa ƙafar nan ta ƙi zama. A faɗarsa har wani Bature ya taɓa tsere wa. Kuma kullum ya ba da labarin, shingayen sai sun ƙara tsawo, Baturen ya ƙara muƙami.

Wata mai kayan miya a kasuwar Wunti ta taɓa yi masa tsawa: "Malam, ga hanya can!"

Ya ce, "Hanya ta masu ciwon gwiwa ce."

To, ni ne abin ya ƙare a kaina. Ina yaro kwance a tabarma, ya shigo ya tsallake ni. Inna ta saki muciya. Kowa dai ya san yaron da aka tsallake ba ya tsawo sai an mayar.

"Yaya, don girman Allah ka mayar!"

"Haba Hajo! A ina kika taɓa ganin ɗan tsere ya koma baya? Ai fitar da shi ake yi."

Ta yi kuka, ta kai ƙara wajen kakarmu, ko gezau.

Ranar bikin 'yancin kai aka jera 'yan makaranta da tutoci, ni babba guda aka sa ni a layin 'yan aji ɗaya saboda gajarta. Na dawo ina huci, na ce laifinsa ne. Ya ce, "Ƙasar ma sai yau ta miƙe tsaye. Kai saurin me kake yi?"

Ƙasa ta miƙe, ni ina nan yadda kuke ganina.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ina da 'ya'ya uku, Inna ta daɗe da rasuwa. Ya ce in kwanta a ƙasa. Na zaci wasa ne. Aka riƙe shi ta hannu biyu, ya ja ƙafar nan da ƙyar ya haye ni da baya.

Ya ce, "Na mayar. Kada in je Hajo ta tare ni da maganar."

Wallahi na kasa tashi don kuka. Allah Ya gafarta wa Kawu da Inna, Ya sa ya tsallake Siraɗi lafiya.