Tafiyar Ɗaure Hannun Yaya Mamman

Litinin: Ƙaura zuwa Zurmi

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, muka bar Ƙauran Namoda ni da Balkisu, ɗiyar yayata. Farfesa ce a ilmin ƙwaƙwalwa. Shekara ashirin ta yi a ƙasar waje tana koya wa ɓeraye sababbin dabaru, sai ka ce waɗanda suka sani ba su ishe mu ba. Abin da ta gano, wanda aka ce ɗalibanta ma sun zama farfesoshi a kansa, shi ne ƙwaƙwalwa takan sake wa kanta hanya ko da tsufa, in an matsa mata. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa a aji shida ban ga alamar haka ba.

Yayana Mamman na Shinkafi ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya yi nauyi. Ya rantse ba ya ci da hagu, ba kuma a ba shi a baki kamar jinjiri, sai rama yake yi. Shirin Balkisu shi ne a ɗaure hagun mai lafiya, dama ta tashi dole. Sai dai ba a ɗaure dattijo sai da izinin babbarmu, wato mahaifiyarta, Yaya Tumba ta Zurmi.

A tasha aka ce sabuwar doka ta raba maza da mata. Aka ba Farfesa kujerar baya, ni gaba, tsakaninmu buhunan gero uku a matsayin shamaki. Bayan gari 'yan agaji suka leƙo.

"Malam, mi tac ci gare ka?"

"Ɗiyata ce. Likitar kai."

"To ta duba direbanku," in ji ɗayansu, ya ɗaga mana gorar da suka tare hanya da ita.

Bakwai saura kwata muka isa. Yaya Tumba ta saurari bayanin kimiyya tana dama fura, ta ce, "Wanga aiki shi na yi miki da kina bahaguwa, da zanen goyo. Turai kika tafi koyo nai? Ku ɗaure shi, ku ce ni nac ce."

Talata: Shinkafi

Muka koma Ƙaura muka kwana, ƙarfe takwas muka kama hanyar Shinkafi a wata fijo da ƙofarta ke riƙe da igiya. Sha ɗaya muka sauka. Yaya Mamman ya ƙi, ya ƙi, da aka ambaci Tumba ya miƙa hannu. Balkisu ta naɗe shi da bandeji fari fat har gwiwar hannu, ta ajiye masa tuwo da miyar kuka, ta ce, "Kawu, bisimilla." Ya dubi tuwo, tuwo ya dube shi. Har la'asar yatsa bai motsa ba. Balkisu ta fita bayan ɗaki, na ga tana share ido.

Laraba

Kuskurenmu ɗaya: mun fitar da shi ƙofar gida shan hantsi. A shekarar nan, duk wanda ya ga dattijo da hannu naɗe cikin farin ƙyalle, fassara ɗaya yake yi. Kafin azahar labari ya cika gari cewa an zartar wa Mamman haddi. Mata suka fara aiko da kunun jaje. Na tsaya ina bayani cewa haddi a dama ake yi, wannan kuwa hagu ce, wani ya ce ai sabuwar jiha ce, ma'aikatan ba su gama ƙwarewa ba.

Can sai ga Ɗanjuma, taubashin Yaya, tsoho mai haƙori biyu, ya tsuguna gabansa da fuskar tausayi.

"Sannu Mamman. Saniyar wa ce? Kai da ko akuya ba ka iya kamawa?"

Yaya ya kumbura. Ya ja hagu, tana ɗaure. Sai muka ga kafaɗar dama ta girgiza, hannu ya taso da ƙyar kamar guga daga rijiya, yatsu biyar suka buɗe ɗaya bayan ɗaya a fuskar Ɗanjuma.

"Ungo naka!"

Daƙuwa ce cikakkiya. Balkisu ta yi tsalle ta yi guɗa, ta manta ita farfesa ce. "Kawu, sake! Baba Ɗanjuma, don Allah ƙara zaginsa!" Ta ce buɗe yatsu shi ne abu mafi wuya, wasu sai sun yi watanni. Nan take ta rubuta magani: Ɗanjuma ya zo safe da yamma, daƙuwa goma-goma, sannan a kawo tuwo. Da magariba Yaya ya kai loma uku baki da damansa, biyu suka faɗi a riga.

Alhamis

Ƙarfe biyu na rana muka iso Ƙaura lafiya. Godiya ga Allah, da Yaya Tumba, da direban fijo. Godiya ta musamman ga Ɗanjuma, wanda ya aiko yana tambaya ko za a sa sunansa a takardar binciken. Balkisu ta ce za a sa, a layin kayan aiki.