Goggo Azumi a Tsibirin Farasan

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Goggo Azumi a mota ya san halinta. Muddin ana cikin Madina, gudu bai dame ta ba. Ita ce ma mai yi wa direba tsiya, wai tafiyarsa kamar ta masu kai amarya. Amma da zarar an wuce alamar iyakar Harami, sai ka ji ta dafa kafaɗarka daga baya: "Shuwayya-shuwayya, a hankali, Babana! Mun fita." Babana take kirana, don sunan mahaifinta na ci.

Ba mutuwa take tsoro ba, kun sani. Matar da ke tsallaka titin Sultana da kwandon yaji a ka, ba ta duba dama ba ta duba hagu! Tsoronta ɗaya ne: kada ajali ya riske ta a wajen Madina, ta rasa kwanciya a maƙabartar Baƙi'a kusa da uwarta da kakarta. Da likita ya ce sai an kai ta Jidda a yi mata aikin ido, kallonsa ta yi da idon mai lafiyar ta ce, "Ya daktur, ɗayan ya ishe ni. Me ya rage ban gani ba?"

To, wannan matar muka kwasa muka kai hutu tsibirin Farasan. Matata Sa'adatu ce ta yi dabarar. Ta ce, "Goggo, ba kya son ganin tekun da kakarku ta ƙetaro daga gaɓar Sawakin?" Goggo ta ce, "In gan shi in dawo. Ban ce zama ba."

Rana tsaka, gari fes, muka shiga jirgin ruwa a Jazan. Saukarmu ke da wuya hadari ya haɗo, iska ta taso, aka sanar an dakatar da jirgi sai teku ya lafa. Wayyo, ku zo ku ga fuskar Goggo!

"Babana, ka ɗauko ni daga garin Manzon Allah ka ajiye ni a kan faranti a tsakiyar ruwa? Halas, shi ke nan, ka gama da ni!"

Na ɗauka za ta kulle kanta a masauki. Ina! Washegari ita ta fara shiryawa, wai tunda kallo aka zo, kallo za a yi. A bakin gaɓa ta hango rigar nan mai ruwan lemo da masunta ke sawa don kada su nutse. Ta tare mai rigar, ta ba shi kwalbar yajinta, ta karɓe. Ta ɗora ta a kan abaya ta ɗaure tamau. Da ita ta shiga mota, da ita ta zagaya wani tsohon ƙauye mai gidajen dutse, tana ƙwanƙwasa bango tana cewa mu matsa, wannan bai yi mata kama da mai kai wa gobe ba.

Muka je ganin bareyi, ruwa na dukan gilashi. Da ƙyar Sa'adatu ta hango guda ta raɓe a gindin itace, ta yi ta murna tana ɗaukar hoto. Goggo ta leƙa ta ce, "Duk wannan tafiyar don akuya mai rama?"

Kifi kuwa, wanda shi ne abin alfaharin garin, ko taɓa shi ba ta yi ba. "Ƙaya ɗaya ta maƙale, shi ke nan, an binne ni cikin masunta!" Dabinon da ta ƙullo daga gida shi ta yi ta ci da burodi.

Da yamma muka tsaya da mota a bakin teku muna kallon igiyar ruwa tana tashi tana dukan duwatsu. Goggo ta jawo hannuna.

"In na cika a nan, kada ka faɗa wa kowa. Ka zaunar da ni a kujerar baya, ka sakar mini niƙabi, ka kama hanyar Madina. Ka ce barci nake."

"Goggo, in askari, wato ɗan sanda, ya tsayar da mu a hanya fa, ya ce zai yi miki tambaya?"

"Ka ce masa ni ba na magana da maza."

Sa'adatu ta yi dariya har da hawaye. Ita kuwa Goggo sai ta buɗe ƙofa ta fita cikin ruwan, iska na kaɗa mata mayafi. Na bi ta da gudu. Ta daɗe tana kallon tekun, sannan ta ce, "Wannan tekun kakata ta ƙetaro a kwalekwalen katako, da goyo a bayanta, don kawai ta kai Madina. Ni kuwa a can aka haife ni, ko ƙafa ban jiƙa ba. Alhamdu lillahi." Ta jiƙe sharkaf tana dariya. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba.

Teku ya lafa, muka dawo lafiya. Ku maƙwabtanta na unguwar Harra ta Gabas kun sha labarin, kuma kun lura duk lokacin da ta ba da shi sai igiyar ruwan ta ƙara tsawo, har ta kusa kai hasumiyar masallaci.

Daga baya, da ajali ya zo, a ɗakinta na Madina ta cika, tana zaune a kan dardumarta bayan la'asar. Aka sallace ta a Masallacin Annabi. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta zuwa Baƙi'a, 'yar tafiya kaɗan, kuma wallahi ina kuka ina jin daɗi a raina. Allah Ya jiƙan Goggo Azumi, Ya haskaka makwancinta, Ya tashe ta cikin maƙwabtan da ta yi ta fafutukar kada ta rabu da su. Amin.