Talaucin da Na Sa wa Hannu

Da na fara kai wa mutane cefane a garin Manassas na Amurka, abin da ya fi burge ni shi ne ba wanda ke taɓa kuɗina. Waya ta yi ƙara, in shiga kanti in ɗebo madara da burodi da abincin kare, in haura bene uku da katan ɗin ruwa a ƙirji, a biya ni cif. Ashe a wannan aikin kai ne yaro kai ne maigida, harajinka kai za ka ware da hannunka. Da Afrilu, watan biyan haraji, ya matso na ga abin da ake bina, sai da na nemi wurin zama.

Wata 'yar cocinmu ta kai ni Beltsville, wurin wani ɗan garinmu mai cike wa mutane takardun haraji a falonsa. Ya bayyana mini cewa duk mil ɗin da na tuƙa a kan aiki yana rage abin da za a yanka wa haraji. Na miƙa masa ɗan littafin da nake rubuta tafiyata. Ya duba ya yi dariya.

"Anti, wannan ai zuwa maƙwabta ne. Bari in gyara miki."

Ya ninka yawan mil ɗin. Ina kallo, na sa hannu. Kada in ɗora masa laifi shi kaɗai, har dambun nama na kai masa na godiya. Shekara uku muna haka, ina jin kaina mai wayo.

Duk wahalar nan don Mama nake yi. Tana Jos, ciwon suga yana cin ta a hankali. Da na samu damar neman a kawo ta, har gado na saya, na sa ƙarfen da za ta riƙa dafawa a banɗaki. Lauya ta buɗe takardun harajina, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a rubuce ko kaina ba na iya riƙewa, balle uwa. Ko in nemo wanda zai tsaya mini, ko in gyara takardun in nuna shekara guda ta gaskiya. Ni da nake shiga coci da leshi, in je ina roƙon a tsaya mini? Girman kai ya ce a jira. Shekara ɗaya ce kawai.

Na gaya wa ƙanwata, wadda cikinta ba ya riƙe magana. Washegari Mama ta kira.

"Uwata," haka take kirana, don sunan mahaifiyarta aka sa mini, "ashe wahala kike sha kika ɓoye mini? An ce gwamnatinsu ma ta ce ba ki da hali."

Ita ce fa matar da ta taɓa mayar da ni kasuwa a ƙafa saboda canjin da mai tumatir ya yi mana ƙari. Na gwammace ta ɗauke ni matalauciya da ta san ƙarya na sa wa hannu. Na ce, "Da sauƙi, Mama." Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan kalma.

Shekarar nan ko mil ɗaya ban ƙara ba. Duk wata uku ina biyan harajina, ina rage tsohon bashi, ina aika wa Mama kuɗin magani kamar kullum. Ta rasu saura 'yan makonni in cike takardar neman kawo ta.

Bayan jana'iza ƙanwata ta buɗe kwallar da Mama ke ajiye zannuwanta. A ƙasa akwai ƙullin ɗankwali. Kuɗin maganin ne, tun daga watan da muka yi waccan wayar, ba ta taɓa ko sisi ba. Ta bar wa maƙwabciyarta saƙo cewa a mayar wa uwata, ta fi ni bukata.