Wayar Kawu Sale ba ta karanta hoto

"Kai ka gina shafin intanet na ƙungiyar unguwar nan?"

Haka Kawu Sale ya tare ni jiya a ƙofar masallaci a unguwarmu ta New Bell, ko gaisuwata bai amsa ba. Ciwon suga ya cinye masa ido, yanzu yana unguwar Village wajen 'yarsa, wayarsa ce ke karanta masa komai.

Na ce ni ne, Kawu.

Ya ce, "To saurara."

Ya shafa waya. Muryar ta ce, "Image. Image. Bouton." Wato hoto, hoto, maɓalli. Ta yi tsit.

Ya ce, "Ɗaya daga cikin imaj ɗin nan sanarwar jana'izar Alhaji Buba ce. Shekara talatin muna shago ɗaya. Sai bayan sadakar uku na ji."

Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Haka muka saba: a zana sanarwa a hoto, a ƙawata, a liƙa, babu ko layi ɗaya na rubutun da waya za ta iya karantawa. Ƙa'idojin gina shafi don masu larurar gani kullum sabunta su ake yi, mu kuwa kullum tsallake su muke yi. Da na taɓa tada maganar, wani abokin aikina cewa ya yi, "Laisse ça, rabu da shi, makaho me zai yi da intanet?" Ni kuma na yi shiru. Shirun nan ne yake ƙona min rai.

Da na koma na sa wa hotunan rubutu, gyaran bai kai minti biyar ba. Jana'iza kuwa ba a maimaita ta.

Masu gina shafuka, ku faɗa min gaskiya: wa ya taɓa rufe ido ya gwada nasa?