Furar Inna da Ƙwararrun Duhu

Duk wanda ya ce ba a ɗauke wuta a Riyadh bai yi ƙarya ba, don na yi shekaru a garin ban ga fitila ta ko ƙifta ba. Sai dai bai taɓa zama a gidanmu na unguwar Al-Shifa ba, gidan haya mai bene da Allah ya tara Hausawa zalla a cikinsa, mu 'yan Najeriya a ƙasa, mutanen Nijar a sama.

A ƙarshen wani hunturu aka yi ruwa da ƙanƙara bayan la'asar, irin wanda ba a saba gani ba. Titi ya yi fari fat, Larabawa suka fito da wayoyi suna ɗaukar hoto, wai sanyin Turai ya zo musu har gida. Ana cikin haka wuta ta ɗauke ɗif a unguwar gaba ɗaya.

Ni duhu bai dame ni ba, hankalina firiza ya tafi. A can ƙasansa, ƙarƙashin kaji da kifi, akwai wata leda da ko maigidana bai isa ya taɓa ba. Fura ce a ciki. Mahaifiyata, Inna, ita ta daka ta da hannunta ranar da zan baro gida a zuwana na ƙarshe, tana daka tana faɗa, wai na rame saboda ba na cin abin kirki a ƙasar Larabawa. Bayan 'yan watanni ta rasu, kuma kafin in gama kukan wayar farko har an kai ta. Na sha rabin furar tun Inna tana raye. Ragowar na kasa. Nakan buɗe ledar in ga shatin yatsunta a jikin curin, in ɗaure in mayar. Abin da ya rage mini na hannunta ke nan, kuma wutar Riyadh ce ke riƙe mini shi.

Maigidana, Malam, ɗalibin hadisi ne a matakin digiri na uku, mutumin da ko farashin tumatir ka faɗa masa sai ya tambayi daga wa ka ji. Amma ranar sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Yau za a ga bambanci," in ji shi. "Waɗannan mutane ba su san wahala ba. Mu kuwa a ciki aka haife mu."

Kafin a kira isha'i gidajen tsallaken titi suka haska. Kanti ya haska, masallaci ya haska, har allon tallan mai wankin mota ya dawo yana walwali. Gidanmu kaɗai ya rage baƙi ƙirin. Na nuna wa Malam ta taga.

"Layinsu daban ne," ya ce, ko ɗaga kai bai yi ba. "Ki bincika, za ki tarar akwai wani babba a layin. Gobe namu ne."

Wannan karon bai nemi sanin daga wa ya ji ba.

Da safe majalisa ta kafu a ƙofar gida. Ga Malam, ga wani direba ɗan Maraɗi da ke tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ga Baba, wani tsoho ɗan Damagaram mai gadi a unguwar Al-Nasiriya, wanda duk gidan ke jin maganarsa. Suka hura gawayi, suka ɗora shayi, kowa ya duƙunƙune cikin bargo, aka shiga gasar wanda garinsu ya fi daɗewa a duhu. Malam ya ce unguwarsu ta taɓa yin azumi guda ba wuta. Direba ya ce wannan ai wasan yara ne, su sai da tsuntsaye suka yi sheƙa a kan taransifoma har suka ƙyanƙyashe. Baba ya yi murmushi ya ce ƙauyensu an kafa turaku tun yana saurayi, har yau ana jiran waya. Shi ya ci gasar, aka tsiyaya masa kofin farko.

Na leƙo na gaishe su, na ce, "Baba, nan ƙasar ba a kiran masu gyaran wuta ne? Ko maigidan haya a gaya masa."

Dariya suka yi mini har da buga cinya.

"'Yata," in ji Baba, "kin taɓa ganin kira ya kawo wuta? Su ma sun san sun ɗauke. Ranar da suka ga dama za su kawo." Sai ya rage murya. "Kuma akwai yara a sama da igamarsu ta izinin zama a ƙasar ta ƙare. Kada ki jawo mana mai ɗamara saboda kwan fitila."

Malam ya ɗora da cewa haƙuri rabin addini ne, ya dube ni irin kallon nan na koma ciki. Na koma, raina a ɓace. Larabcina na cefane ne, ba na waya da hukuma ba, kuma wayar ma tana motar direba tana layin caji.

Haka muka shiga rayuwar da muka baro da kuɗin jirginmu. Famfo ya ƙafe tunda ba abin da zai tura ruwa sama, muka koma jido da bokiti daga masallaci. Wanka sai an dafa ruwa a tukunyar miya. Maza kuwa abin nema ya samu. Ban taɓa ganin Malam cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Yana koya wa samarin sama yadda ake guga da garwashi, yana ba su labarin karatu da aci-balbal, mutumin da ko ashana bai san inda nake ajiyewa ba.

Kajin da kifin na soye su na raba wa gida, majalisa ta ci ta sa albarka, har Baba yana cewa Allah ya ƙara mana irin wannan zama. Furar kuwa na kai wa mai kanti, na roƙe shi ya ajiye mini a firizansa. Ya juya ledar, ya shinshina, ya ce, "Mamnu'," wato an hana, wai masu duba abinci za su rufe masa kanti a kan abin da ba shi da tambari. Na sayi ƙanƙara na jibga mata. Da dare in kai ta bakin taga ta sha sanyi, da rana in naɗe ta da bargo. Amma ranar Riyadh ko da hunturu ba ta da mutunci. Kullum na taɓa sai in ji ta ƙara laushi, kullum kuma Malam ya ce gobe.

Ranar Juma'a na buɗe ledar, tsami ya bugi hancina. Shatin yatsun ya fara narkewa. Na san in ta ƙara kwana sai shara, kuma ba zan iya zuba hannun Inna a shara ba. Maza na masallaci, na sayo nonon kanti, na zauna a ƙasan kicin na dama. Citta da kanumfari sun ji, yadda take yi, har da barkonon da kullum nake ce mata ya yi yawa. Ina sha ina kuka, ina jin haushin kowa, har da kaina. Ban taɓa jin maraici irin na ranar ba, ko ranar da aka bugo waya.

Ina kan ludayin ƙarshe na ji hayaniya a waje. Maigidan haya ne, wani Balarabe mai tumbi, ya zo duba ko ƙanƙara ta fasa masa tankin ruwa. Ya ga gawayi da bokitai, ya tambaya tun yaushe. Malam ya faɗa masa da alfahari, kamar mai nuna takardar shaida. Mutumin ya riƙe kai.

"La haula! Me ya hana ku kira ni?"

Ya buga waya, wani mai gyara ya zo da jakarsa, ya buɗe akwatin wuta da ke jikin katangar gidanmu. Ruwa ne ya shiga. Ya goge, ya canza wani ɗan abu da bai kai kwalin ashana ba. Bai tambayi igamar kowa ba, ko sunanmu bai tambaya ba. Kafin shayin da Baba ya miƙa masa ya huce, fitilu sun kama.

"An kawo! An kawo!" Manya da gemunansu suna ihu a tsakar Riyadh, maƙwabta na leƙe ta taga.

Malam ya shigo kicin yana haki, fuska cike da nasara.

"Kin gani ko? Ban ce miki za su kawo ba? Haƙuri kawai ake yi."

Na juya masa baya. Na tsiyayi ruwa a bokiti, na ɗauraye kwanon da ludayin a hankali, na shanye ruwan ɗaurayar.