Tabon da Na Rufe da Lalle

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban ɗora hoton ƙunshi ko ɗaya a shafin nan ba. Wasu sun ce aure na yi, wata har ta turo saƙo wai na yi kuɗi na daina kula amaren talakawa. Allah sarki. Ina kwance a asibiti ana shawarar ko za a yanke min hannu.

Duk wanda ya san ni a Daura ya san da sikila aka haife ni. In ta tashi, ji nake kamar ana daka ƙasusuwana a turmi.

Shekara uku da suka wuce, da damina, ta kayar da ni. Kwana biyu ina ihu a gadon asibiti. Likita ya ce maganin da ya dace da irin wannan zafi, wato mofin, babu shi a wurinsu, sai Katsina ko Kano, can ma sai an dace. Aka yi min wata allura da ake kira fenta. Kafin minti goma zafin ya kwanta, na yi barci.

Aka sallame ni ana tsakiyar bukukuwa, ga amare a layi, amarya kuwa ba ta jiran mara lafiya. Wata maƙwabciyarmu mai yi wa mutane allura a gida ta ce, "Ke da za ki yi ta jigilar asibiti, sayo allurar a kemis in riƙa yi miki mana." Mai kemis ko takardar likita bai tambaye ni ba.

Da farko sai ciwo ya tashi nake yi. Daga baya ko na ji alamar zai tashi. Daga baya ma na daina tambayar kaina dalili.

Ranar da matar ta tafi biki Baure, na ɗauki sirinji na yi wa kaina. Mai zana fure a yatsar amarya, allura ce za ta gagare ta?

Cinyoyina suka taurare kamar itace, allura ta daina shiga. Na koma damtsen hagu, shi ma ya ƙi. Sai na koya wa hagu sukar dama, hannun da nake neman abincina da shi.

Mai ƙunshi dole ta naɗe hannun riga, ga tabo ya cika ni. Sai na yi abin da na iya. Na zana baƙin lalle daga wuyan hannu har damtse, kowane tabo na mayar da shi tsakiyar fure. Kun tuna hoton nan da kuka yi ta yabawa kuna cewa sabon salo? Har amare suka riƙa cewa irinsa suke so. Kowane fure a hoton nan ramin allura ne. In na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna, mahaifiyata, ita ta kama ni. Ina kwaɓa lalle da hantsi ta dafa min hannu, na ƙwala ƙara. Ta danna fure ɗaya, mugunya ta fito.

"Ke 'yar nan, lalle ba ya ruwa. Me kike ɓoye min?"

Na ce maruru ne. Ta ɗaga katifata ta ga kwalabe. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Zama ta yi a ƙasa ta ce, "Shekara ashirin da shida ina jinyarki, ashe akwai ciwon da ban sani ba."

Daga asibitin Daura aka tura mu Katsina. Gwajin jini, hoton ƙashi, gwajin ruwan ciwon. Likita ya daɗe yana juya hannuna na dama, sannan ya ce, "Baƙin nan, ban san wanne ne lalle wanne ne ruɓa ba. In ya kai ƙashi, sai dai a cire hannun."

Adon da na ɓoye ciwona da shi, shi ya hana a gane girman ciwon.

Sau uku aka shiga da ni tiyata. Kullum safe wankin ciwo, ina cizon mayafi. Jinyar ta cinye tumakin Inna huɗu. Rabuwa da allurar kuwa ta fi tiyata wuya: rawar jiki, gumi, gudawa, na zagi mutanen da ba su yi min komai ba.

A sati na uku sikila ta tashi da gaske. Ina kuka ina roƙo, wata nas ta ce, "Mun san irinku, allura kike nema." Ciwon gaske ne, amma wa zai yarda da ni? Har yau maganar tana ci min rai. Likitana ne ya yi ta faɗi-tashi ya samo mofin na sha, daidai awo, daidai lokaci, yana sa ido. Ya ce, "Maganin da ya kamace ki sai an sha wuya ake samu, wanda ya kusa kashe ki kuwa yana kowane lungu."

Ruɓar ba ta kai ƙashi ba. Alhamdulillahi. Gwiwar hannun ba ta miƙewa duka, yatsu biyu ba su da ƙarfi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da raina yake biya min allurar.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan. Inna, ba ni da bakin gode miki.

'Yan'uwana masu sikila, kada ku kai allurar zafi gida, ko wa zai yi muku. In kun fara ƙagara lokacinta ya yi, ku gaya wa likita tun da wuri. Iyaye, ku duba jikin 'ya'yanku. Ma'aikatan asibiti, don Allah in mun ce muna jin zafi, ku auna mu kafin ku yanke mana hukunci.

Jiya na yi wa Inna ƙunshi, layin duk ya karkace, ta ce ba mai goge mata shi.

Hoton da ke ƙasa hannuna ne, babu lalle. Ku kalle shi da kyau, ba zan sake rufe shi ba.