Kawu Sale da Tayoyin Ƙanƙara

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da tayarsa. Kana tsayawa da mota a ƙofar gidansa a Kurudu, zai fito, ya wuce hannun da ka miƙa masa, ya zagaya motar yana kai wa kowace taya shuri, sannan ya duƙa ya leƙa gefenta. Wani tambari yake nema: ɗan dutse mai kai uku da abu kamar tauraro a cikinsa. In bai gani ba, sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," da muryar mai ta'aziyya. Sai bayan nan ya tambaye ka iyali.

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma a gidansa na zauna tun da na shiga jami'a, don haka na ga abin da idona. Tambarin nan na tayoyin ƙasashen sanyi ne, waɗanda ake shigo da su tokumbo bayan masu su sun gama da su. Tun yana direba a wata ma'aikata ogansa ya dawo daga kwas a waje, ya ba shi labarin yadda motoci ke gudu kan ƙanƙara ba sa zamewa saboda irin wannan taya. Shi ke nan! Kawu ya riƙe. Da ya yi ritaya ya fara kabu-kabu tsakanin Kurudu da Orozo, ba ya sa wa motarsa wata sai ita. Maganarsa ɗaya ce, ku ma kun haddace ta: "Tayar da ta riƙe ƙanƙara, kwalta wasa ce."

Dillalin da yake saya a wurinsa a Zuba har ware masa su yake yi, don ba mai so. Da ya hango shi sai ya ɗaga murya, "Oga Ƙanƙara ya zo! Ku fito da na musamman!" Kawu kuwa sai ya gyara hula, a ganinsa girmamawa ce.

To amma ya lura tayoyin suna yin laushi da zafi, don haka ya ɗauki shayar da su. Jarkar ruwa ce a but ɗin motar. Duk inda ya tsaya sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwa, kamar mai kiwon tumaki. Wata rana famfo ya ɗauke, matarsa Inna Talatu ta sha wuya kafin ta samu mai ruwa ya kawo mata. Ta shiga ɗauko tukunya, ta fito ta tarar da jarkokin a kife, tayoyi suna ƙyalli.

"Malam! Ina ruwan girkina?"

"Baƙi ne, Talatu. Daga nesa suka zo."

"To ka ce baƙin su dafa maka tuwo."

Ranar da gari da ƙuli muka wuni. Kawu ya ci yana yaba garin.

Da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara kuwa, abin ya wuce nan. Ya sayo ƙanƙara gab da magariba, muna ta murna za mu sha kunu da zoɓo mai sanyi. Sai ga shi ya fasa ta gida huɗu, ya ɗora kowane yanki kan taya, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Inna ta riƙe haɓa.

"Innalillahi! Su ma azumin suka yi?"

"Kewar gida suke yi," in ji shi. "Ke ba ki taɓa baƙunta ba?"

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma na je na karanta. Robar irin wannan taya mai laushi ce, don sanyi aka yi ta. A zafi irin namu tana saurin cinyewa, birki ba ya kama ta da wuri, balle wadda ta riga ta tsufa kafin ta hau jirgin ruwa. Na kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Farfesa, wanda ya rubuta wannan ya taɓa bin hanyar Orozo?"

"Ban sani ba, Kawu."

"To ni na bi."

Hanyar Orozon ce kuwa ta fara ba shi amsa. Wata akuya ta gitta, ya taka birki, motar ta ci gaba da tafiyarta a hankali kamar ba da ita ake ba, har ta shige tarin doyar wata mata a bakin titi. Matar ta yi ta zuba masa faɗa da Hausarta ta kasuwa: "Baba, mota naka ba ya jin magana?" Fasinjoji suka fito suna salati. Kawu ya duƙa ya shafa tayar gaba ya ce, "Ba laifinki ba ne. Titin ne bai kai matsayinki ba."

Mun yi dariya a lokacin. Wallahi mun yi, har da hawaye.

Bayan wannan ne babban ɗansa, Yaya Nura, ya matse bakin aljihunsa ya sayo masa sabbin tayoyi huɗu, irin waɗanda suka dace da ƙasar nan, a naɗe cikin ledarsu. Ya durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah, don darajar iyayenka, ka sa waɗannan."

Kawu ya yi ta sa masa albarka har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya kai wa ɗaya shuri, ya duƙa ya leƙa gefenta.

"Sabuwar taya ba ta san duniya ba, Nura. A ajiye su. In waɗannan suka ƙare zan sa."

Aka jera su a ɗakinsa, ya shimfiɗa musu darduma a kai don kada ƙura ta taɓa su. Inna ta yi magana, ta yi fushi, ta ɓoye makullin mota. Ya haɗa wayoyi ya tayar da motar. Kullum amsar ita ce, "Saura kaɗan su ƙare."

Sun ƙare kuwa. Da tsakar rana, cikin zafin da kwalta ke narkewa, yana kan hanyar Tungan Maje zuwa sunan jikarsa, tayar gaba ta fashe. Shi kaɗai ne a motar, wannan kaɗai muke gode wa Allah a kai. Waɗanda suka ciro shi sun ce jarkarsa na but, cike da ruwa.

Ranar ta'aziyya mutane suka yi yawa, tabarmi suka kasa. Wani ya shiga ɗaki ya mirgino sabbin tayoyin nan aka zauna a kai. Ina kallo daga ƙofar kicin, wani abokin aikin Kawu ya danna ɗaya da yatsa ya ce, "Kai, wannan taya mai kyau ce. Ta sayarwa ce?" Yaya Nura ya tashi ya bar wurin.

Har yau suna ɗakin, da ledarsu. Inna ta hana a sayar, ta hana a taɓa. In tana shara takan kai wa ɗaya shuri ta ce, "Ga su nan, Malam. Sun ƙi ƙarewa."

Ina jin haushinsa har yanzu, ba zan ɓoye muku ba. Amma in mota ta tsaya a ƙofar gida, sai in ga idona ya sauka kan tayarta kafin fuskar mai ita.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa taurin kansa. Mutumin da ya yi ta nema wa roba sanyi, ya Allah, ka sanyaya masa makwancinsa. Amin.